Faifai Na Biyu Daga Farko

Wai ke Aina'u, in na jera miki ƙwarya huɗu a gabanki, na ce ɗauko min ta biyu daga farko, ta wane ɓangare za ki fara ƙirge? Nuna min da hannu. Ahaf! Na san za a rina. Hagu. Duk haka boko ya mai da ku. To matso da wayar nan kusa da bakina, tunda kin ce labarin Sama'ilu Mai Rediyo kike so ki ɗauka. Wannan hannun da kika ɗaga, shi ne ya kusa raba ni da muryar mijina.

Sama'ilu ƙanin kakanki ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Da aka kawo ni gidan nan na garin Marken Liman, shi ko gemu bai fara ba. Ranar ya leƙo ɗaki ya ce, "Sannu Amarya," to shi ke nan suna ya bi ni. Na haihu, na aurar, na yi jikoki, haƙorana suka fara yi min sallama ɗaya bayan ɗaya, amma a bakin Sama'ilu ni Amarya ce. Ni kuma ina ce masa Maƙetaci. Ai kin san tsakanin matar wa da ƙanin miji ba a shiga.

Bai yi boko ba, ko ƙofar aji bai taɓa dafawa ba. Allo ya yi, ya sauke, rubutunsa na ajami kamar an zana da allura. Amma hannunsa ba ya zama lafiya. Shekarar da gyaɗa ta yi kyau, Malam, kakanki ke nan, sunansa dai kin sani ba sai na faɗa ba, ya sayo rediyo daga Ɗambatta. Kafin a zagayo wata kasuwar Sama'ilu ya farke ta da wuƙar yankan kubewata. Malam ya bi shi da sanda har bayan rumbu. Da yamma yaron nan ya zauna ya mai da komai, rediyo ta kama magana ras, sai ga noti biyu a ƙasa sun rasa gurbi. Malam ya ce, "Waɗannan fa?" Ya ce, "Yaya, almubazzarancin Turawa ne, ba ta bukatarsu."

Haka ya rayu. Ya kafa tebur a kasuwar Ɗambatta yana gyaran rediyo da rikoda da tocila, damina kuma ya koma gonarsa ta bayan gida. Duk abin da ya gyara sai noti ya ragu. Yana da gwangwanin madara cike da almubazzarancin Turawa. Gyaransa kuwa iri biyu ne, ya hura wa abu iska, in bai ji ba ya mare shi. Kuma wallahi suna ji.

Abu ɗaya da ba ya wasa da shi, shi ne dama. Takalmi, dama. Hannun riga, dama. In ya shigo da goro, ko Liman ne a hagunsa sai ya fara ba yaron da ke damansa. Wata rana na miƙa masa fura da hagu, don hannun damana na riƙe da babanki yana tsumma. Mutumin nan ya tsaya ƙiƙam, ya harɗe hannu, har sai da na sauke jariri a tabarma na sake miƙawa. Na ce, "Allah ya sa ta shaƙe ka." Ya ce, "Amin Amarya, in dai ta dama ta bi."

To da rikoda ta shigo hannunsa, sai garin nan ya shiga uku. Ba abin da bai ɗauka ba. Tafsirin azumi, saukar yara, kiran sallar Malam, don Malam ne ladanin garin nan har ya bar duniya. Ranar suna ya ɗauka, faɗan 'yan ɗiban ruwa a rijiya ya ɗauka. In kana magana ka ga Sama'ilu ya yi shiru yana murmushi, duba ƙarƙashin babbar rigarsa.

Shi Malam mutum ne da bai iya yabo ba. In tuwo ya yi daɗi sai ya cinye ya ce, "To." In bai yi ba ya cinye ya ce, "To." Haka muka zauna. Bayan rasuwarsa, na fita takaba, sai ga Maƙetaci da rikoda a hammata. Ya ce, "Amarya, zauna ki ji wani abu, amma in kika yi kuka sai kin biya ni batir." Ya danna. Sai na ji ƙarar cokali a kwano, na ji akuyarmu mai baƙin kunne tana kuka, sai muryar Malam, da tuwo a bakinsa, yana cewa, "Kai Sama'ilu, duk ƙasar Ɗambatta ba mai tuƙa tuwon dawa kamar Maijidda. Amma kul ka faɗa mata, kanta zai kumbura." Sai dariyarsa. Ke ba ki san dariyarsa ba, kamar ana jan guga a rijiya mai zurfi take.

Na ce, "Duk shekarun nan kana da wannan ka ɓoye?" Ya ce, "Yaya ya ce kar in faɗa. Ban faɗa ba. Shi ya faɗa da bakinsa."

Tun daga nan duk Juma'a in an sauko masallaci sai in ɗau gyalena in tafi gidansa. Ya sa min kiran sallar Malam, sannan ya sa min na tuwo. Ba na gajiya. Wata ta gaji gona, wata ta gaji shanu, ni abin da na gada ke nan.

Ana nan ɗansa Mudassir ya yi karatun kwamfuta a Kano, can wajen Rijiyar Zaki. Ya zo hutu ya tarar gara ta fara cin kwalayen kaset ɗin uban, wasu zaren ya manne. Ya ce, "Baba, abin nan zai lalace." Ya kawo wani baƙin akwati, bai kai tukunyar miyata girma ba, da wata tsohuwar kwamfuta da lasifika, ya haɗa da solar gidan. Ya yi ta juye kaset-kaset ɗin nan a ciki har hutunsa ya ƙare. Kuma Allah ya taimaka ya juye, don damina biyu bayan nan rufin ɗakin ya zubo, ruwa da gara suka raba gadon kaset ɗin a tsakaninsu. Ya zama duk duniya ba inda muryar Malam ta rage sai cikin akwatin nan.

Akwatin yana da aljihu huɗu a gaba, a jere, kowanne da ƙarfe a ciki. Mudassir yana ce wa ƙarfen hadis. Uban ya ce, "Kai, kiyayi bakinka. Hadisi a ƙarfe? Wa ya ruwaito?" Sai suka daidaita a kan faifai. Ni da na ji faifai na ce a nuna min, tunda saƙar faifai sana'ata ce tun ina budurwa. Aka nuna min wani abu kamar sandar sabulu, da nauyi kamar ɗan dutsen niƙa. Na ce wannan ko murfin kwano ba zai yi ba. Mudassir ya ce ai mai kewayen yana ciki, juyawa yake.

Na ce to me ya sa har huɗu? Ya yi ta Turanci, na ce yi min da Hausa. Ya ce, "Inna, kamar ku ne a gidan biki. Ke da Asabe da Ladi da Tabawa. Kowacce ta san wani yanki na zancen garin nan, kuma kowacce ta ɗan tsinci na 'yar'uwarta. In ɗaya ta yi tafiya, ukun za su iya haɗa kai su ba baƙuwa labarin kaf. Amma in biyu suka tafi lokaci ɗaya, zance ya watse." Na ce, "Ɗan nema, gulma ka ce muna yi ke nan." Amma na gane. Ɗaya in ta faɗi ba komai, biyu ne masifa.

Kowane aljihu yana da 'yar fitila a samansa mai ƙyaftawa. Mudassir na komawa, Sama'ilu ya yanko baƙin salatif ya liƙe su duka. Wai suna kashe masa ido kamar 'yan tallan goro, ba ya iya lazimi. Riƙe wannan a ranki, zai dawo.

Bayan an rasa kaset ɗin nan, Mudassir ya sami aiki a Legas. Shekara ta zagayo, gero ya kai gwiwa, sai akwati ya fara kuka. Ɗit, ɗit, ɗit, kamar ɗan tsako ya ɓace wa uwarsa. Sama'ilu ya hura masa iska, bai daina ba. Ya ɗaga hannu zai mare shi, sai ya tuna yayansa na ciki, ya fasa. Ya fita gindin marken ƙofar gida, don nan ne kawai waya ke kamawa, ya kira ɗan. Mudassir ya duba daga can, ban san ta yaya ba, ya ce faifai ɗaya ya mutu. Ukun suna riƙe da komai, amma kar a yi wasa, zai aiko da sabo a sa.

Ranar da direban motar Kano ya kawo saƙon, Sama'ilu ya aiko a kira ni. Ya ce, "Amarya, mijinki za a yi wa aiki, ya kamata ki tsaya a kai." Ya sa farar riga. Ya yi alwala. Ya fito da sukudireba uku ya jera a tabarma kamar wanzami.

Ina tsaye kusa da shi a gindin marke, wayarsa ƙarama ce mai tocila, ana jin komai. Mudassir ya ce, "Baba, ina sauri zan shiga mitin, ka saurara. Ba sai ka kashe shi ba. Ka tsaya a gabansa, na biyu daga farko shi ne mataccen. Ka danna marfin, ka jawo aljihun, ka cire tsohon ka ɗaura sabon, ka tura har ka ji ya ce ƙas. Zai daɗe yana aiki, kar ka dame shi."

"Na biyu daga farko."

"Na biyu daga farko, Baba. Ka gane ko?"

"Kai, tun ubanka bai auri uwarka ba nake farke rediyo."

Na ce, "Ai kai ne uban." Ya ce in yi masa shiru.

Muka shiga. Ya yi bisimilla, ya ɗora yatsa a aljihun da ke ƙarshen dama ya ce ɗaya, ya matsa ya ce biyu. Ya danna, ya jawo. Ni ma da ni ce haka zan yi, yo ina farko yake in ba dama ba? Ya kwance tsohon, ya ɗaura sabon, ya tura, ƙas. Noti ɗaya ya ragu, ya jefa a gwangwani. Akwati ya yi shiru kamar mai tunani, sannan ya canza kuka, ya koma wani dogo, ɗiiiit, ba numfashi. Na ce, "Anya kuwa?" Ya ce, "Kukan aiki ne. Ke in kina daka ba kya nishi?" Ya jefa masa bargo ya rufe ƙofa.

Sai ya tsaya yana juya tsohon faifan a hannu. Na ce ya ba ni in riƙa danne murfin akurki. Ya kalle ni kamar na zagi Liman. Ya ce, "Abin da aka zuba wa karatun Alƙur'ani da kiran salla? A kan kaji? Wannan ko bola ba ya zuwa, binne shi ake, kamar tsohuwar takardar allo." Na bar shi yana naɗe shi a leda, ya sake wata ledar, ya kawo farin ƙyalle. Na ce, "Saura salla." Ya ce, "Mata ba sa zuwa maƙabarta, tafi gida." Na tafi na ɗora tukunya.

Washegari Juma'a. Aka sauko, na ɗau gyale. Na tarar da Maryam, 'yarsa malamar firamare, ta zo gaida shi. Ya ce ta kunna min. Ta danna nan, ta danna can, ta ce, "Baba, ba komai fa a ciki." Ya ce, "Duba da kyau." Ta ce, "Baba, fayau yake."

Na zauna a ƙasa, ba a kan tabarma ba. Ban yi kuka ba, amma na ji kamar yau aka fito da Malam daga ɗaki.

Maryam tana da babbar waya mai nuna fuska. Ta fita gindin marke ta kira yayanta, ta shigo ta ɗau hoton akwatin, ta koma. Muna biye da ita kamar 'yan rakiyar amarya. Mudassir ya ce, "Ina fitilun? Mene ne wannan baƙin?" Ta koma ta ɓare salatif, ta sake ɗaukowa. Sai muka ji ya yi salati, irin wanda ake yi in mota ta ƙwace.

"Baba! Wanne ka cire?"

"Na biyu daga farko."

"Ga ja nan a kan na biyu, ba ka taɓa shi ba! Na uku ka cire, mai lafiya!"

"Na uku a gidan uban wa? Na ƙirga da yatsana, Amarya shaida ce."

"Ta ina ka fara?"

"Ta inda Musulmi ke farawa."

"Baba, daga hagu ake ƙirgawa!"

Sama'ilu ya cire wayar daga hannun Maryam, ya kawo ta daidai hancinsa. Ya ce, "Mudassiru, da hagu ka fara karanta Fatiha? Da hagu uwarka ta fara ba ka nono? Wuri ɗaya na sani da ake shiga da hagu, kuma ba na jin can ka ajiye yayana."

"Baba, Turawan da suka ƙera shi..."

"Su suka ce min na biyu daga farko, ko kai?"

Mudassir ya ce, "Ni ne." Uban ya ce, "To." Irin "to" ɗin Malam sak.

Ni na gaji da su. Na ce, "Ku bar shari'ar nan sai an tashi ƙiyama. Mudassir, mijina yana nan ko ba ya nan?" Ya ce, "Inna, ɗaya ta mutu, ɗaya an kore ta da ranta, biyu suka rage da baƙuwar da ba ta san komai ba. In aka dawo da wadda aka kora lafiya lau, ana iya dacewa. Ku kashe akwatin yanzu. Ina faifan da aka cire?"

Maryam ta kalli uban. Uban ya kalli marke.

Na ce, "An yi jana'izarsa jiya."

"An yi me?"

"Da likkafani."

Na ɗauka wayar ce ta katse, ashe numfashinsa ne. Da ya dawo ya ce, "An yi ruwa?" Muka ce a'a. Ya ce, "To ku tono shi kafin a yi. In ruwa ya shige shi, shi ke nan." Muka ɗaga kai gaba ɗaya. Gabas ta yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, iska har ta fara kaɗa ganyen gero.

Sama'ilu gwiwarsa ta daɗe tana damunsa, ga shi ya ƙi sakin wayar don bai gama da ɗan ba. Ya ce wa Maryam, "Ɗau fartanya. Gonar bayan gida, kunya ta biyu daga farko, daidai kututturen dabino." Ta tattare zani ta ruga, na bi ta ina haki. Malama guda, ta duƙa tana tono kamar gafiya, ta tumɓuke gero ya kai gindi biyar. Ba komai. Ta matsa gaba, ba komai. Sai ga uban ya taho yana ɗingishi, waya a kunne, ya tsaya a bakin gona.

"Ke Maryama! Uban me kike yi wa gerona a can?"

"Kunya ta biyu ka ce!"

"Daga farko na ce!"

Ta miƙe, ta dubi inda ta fara ƙirge, ta dubi ɗaya gefen, ta saki fartanya ta dafe kai. Yanzun nan fa aka gama rigimar a gabanta. Sama'ilu kuwa, ga hadari a kansa, ga yayansa a rami, amma sai da ya tsaya ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce a waya, "Mudassiru, ƙanwarka ma ta shiga da hagu. Kuɗin makarantarku dai Allah ya isa."

Ta ruga ɗaya gefen. Ya ce, "Ba nan ba!" Ta ce, "Ga dama nan!" Ya ce, "Damanki ne wannan. Fuskanci gabas tukuna, sannan ki nemi dama. Wa ke binne abu bai dubi alƙibla ba?" Yarinyar nan ta yi ta juyi a tsakiyar gona kamar akuya a turke. Ni kaina a lokacin da za ki tambaye ni hannun da nake cin tuwo da shi, sai na yi tunani.

Ɗigon farko ya sauka a goshina. Sama'ilu ya cusa min wayar, ya manta da gwiwa, ya tsallaka kunya kamar ɗan maraƙi, ya durƙusa ya sa hannu biyu. Sai ga farin ƙyalle. Ya cusa shi cikin riga, ya tuɓe hula ya ƙara dannewa, muka kwasa. Muna shiga zaure ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Na ce masa, "Yau ka sha kunya biyu, ta gona da ta ido." Ya ce, "Ta gonar ce tawa. Ɗayar ki aika Legas."

Aka warware likkafani, leda ta yi rana, ko ƙura bai ɗauka ba. Ya kumbura kumatu zai hura, Maryam ta ce Yaya ya ce kar a hura. Ya ɗaga tafi, ta ce kuma kar a mara. Ya ce, "To me ya rage na gyara?" Da ruwa ya tsagaita aka koma zirga-zirgar marke. Wannan karon Mudassir bai ƙara cewa farko ba. Cewa yake, "Na kusa da taga," "Mai jar fitila." Aka zare baƙon, aka mai da korarre ɗakinsa, aka kunna. Fitila ɗaya ta yi kore, wata ma ta yi kore, ta korarren ta tsaya tana shawara, ni kuma ina karanto duk abin da na iya. Ta yi kore. Sannan aka zare mataccen na gaskiya, aka sa baƙon a gurbinsa.

Mudassir ya ce yanzu ukun za su zauna su karanta wa sabon komai, kuma kar wuta ta ɗauke, kar ya yi zafi, don in ɗaya ya ƙara faɗuwa a tsakiyar nan an koma gidan jiya. Ga gari ya lumshe, sola ba ta samun rana. Sama'ilu ya hana kowa cajin waya a gidansa. Maƙwabta suka yi ta zuwa da wayoyi a hannu yana korarsu, wai akwai mara lafiya. Har Liman ya aiko a tambaya wa za a yi wa addu'a. Ni kuma na koma gida na ɗauko sabon faifaina, na gaskiya, wanda na saƙa da kaba, na zauna ina yi wa akwati fifita. Sama'ilu ya ce, "Kin ga, ashe da rabon faifanki ya yi aiki." Muka yi ta karɓa-karɓa, ni da shi, muna faɗa a kan wanda ya fi iya fifita.

Sai da aka kwana aka yini, fitilu huɗu suka tsaya kore. Maryam ta danna. Cokali ya yi ƙara a kwano. Akuya mai baƙin kunne ta yi kuka. Na ce a tsayar, na fita tsakar gida na ɗan yi abin da zan yi, na wanke fuska na dawo na ce a sa daga farko. Maƙetaci ya ce, "Wane farkon?"

Mataccen faifan an binne shi a ramin da aka tono, bayan Mudassir ya rantse sau biyu cewa shi ne. Da ya zo hutun salla ya manna lambobin boko a kan aljihunan, daga hagu. Yana juya baya uban ya ɗauko tawada ya rubuta nasa da ajami a ƙasa, daga dama. Je ki duba, suna nan. Kowane aljihu suna biyu gare shi kamar ɗan fari. Kuma har ya bar duniya bai yarda ya yi kuskure ba. In an tayar da zancen sai ya ce shi dai an ce masa na biyu daga farko.

Bara da kaka ciwo ya kwantar da shi. Ba ya cin komai sai kunun tsamiya, shi ma sai nawa. Ranar Juma'ar ƙarshe na kai masa, na tarar Mudassir ya iso daga Legas yana zaune a bakin gado, idonsa ja. Na zauna. Sama'ilu ya sa aka kunna min na tuwo, muka ji tare, ya yi 'yar dariya ba sauti. Na miƙa masa kofin, da gangan na miƙa da hagu, in ga ko yana nan. Ya ƙi karɓa. Ya bi hannun da kallo har sai da na sauya.

Ya kurɓa kaɗan. Na tashi zan tafi, sai ya kama bakin gyalena ya jawo ni kusa, ya nuna ɗan da haɓa.

Ya ce, "Amarya, ki faɗa wa Liman, in an zo yi min wanka, wannan ya zuba ruwa kawai. Kar a bar shi ya zaɓi inda za a fara."